Yatsa Biyu Kafin Ja

Kafin ladan ya gyara murya
nakan ɗauki tocila da littafi mai bangon leda
in gangara ƙarƙashin gada.
A ginshiƙi na biyu akwai zanen da muka yi da fenti,
ni da Haladu, wata Laraba da rani,
lokacin da rafin nan yashi ne zalla,
awaki na tuƙa a kwance
a inda yau tsayin mutum biyu ne na ruwa.

Fari a ƙasa, ɗorawa a tsakiya, ja a can sama.
Haladu ya ce mun ɓarnatar da jan,
sai dai tsattsewa ta riƙa dubawa.

Mahaifina bai san fenti ba.
Saiwar marke yake kallo,
da tururuwa in ta kwashi ƙwai ta nufi tudu.
Yakan ɗebi ruwan a tafi ya shinshina,
ya ce, wannan ba namu ba ne, baƙo ne daga yamma.
Ni lamba aka koya mini a sakatariyar Auyo,
aka ba ni waya da katin ɗari biyar,
aka ce in ya kai ja, ka tashi kowa.

Bara ya kai.
Na kunna lasifikar masallaci ƙarfe biyun dare.
Aka kwashe gari zuwa firamare:
buhunan shinkafa a ka, tsofaffi a amalanke,
akuyar Talle ta karye a kwalbati,
garin geron Kande ya jiƙe da yayyafi.
Gari na wayewa rafi ya sauka abinsa,
kamar wanda ya zo gaisuwa ya tarar ba kowa.

Tun daga nan yara ke kirana Ga-shi-nan.
A teburin mai shayi in na zauna,
wani sai ya ɗage ƙafar wando yana dariya.
Ban ce musu komai ba.
Amma na tuna shekarar da ba wanda ya yi ihu,
da katangar Uwale ta zauna a kan gadonta,
muka tono ta da hannu,
carbinta a wuya, laka har cikin kunnuwa.

Daren nan ban yi barci ba.
Iro ya kira daga ƙauyen sama,
ya ce nasu ya shanye turken kwalekwale,
ga kachalla ta toshe hanyar da zai bi ya wuce.
Ƙarfe goma, taƙi ɗaya kafin ja.
Sha biyu, yatsa huɗu.
Na rubuta, biro na zamewa a jiƙaƙƙen shafi.
Kwaɗi sun yi shiru.
Karan dawa na wucewa da ganyensa ɗanye,
gonar wani ce ke tafiya a gabana
ba tare da sallama ba, ba waiwayowa.

Yanzu yatsa biyu.
Takarda ta ce in jira ja.
Dariyar bara ma ta ce in jira.
Na haska ginshiƙi, sai ga tururuwa a jere,
kowace da farin ƙwai a baki,
sun haye ɗorawa, sun haye ja,
ba su tsaya karanta lambar kowa ba.

Na rufe littafi na cusa a hammata.
Gara gobe su sake ɗage mini wando,
gara Talle ya biyo ni kuɗin akuya.
Makullin masallaci na aljihun hagu,
taku ɗari uku ne daga gada,
na sha ƙirgawa.